Kukan Inji a Miƙaƙƙiyar Hanya: Juyi Nawa Ne Daidai ga Ƙaramin Babur?

Ranar wata Lahadi muna zaune a rumfar mai shayi a Agege sai ga wani ƙanena, ɗan unguwarmu tun can gida, ya iso a kan babur ɗin Boxer da ya saya wata huɗu da suka wuce. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Yaya, ina jin mai ciwo aka sayar mini." Tun da aka matsa wa 'yan acaɓa a cikin garin Legas ya koma ɗaukar fasinja a ɓangaren Ogun, tsakanin Sango da Ifo, inda hanya ke miƙewa har mutum ya samu damar sakin hannu. Ya ce da zarar allura ta haura 65, injin sai ya kama ihu kamar zai tarwatse a ƙarƙashinsa, madubi na rawa, tafin ƙafa na kaɗawa, shi kuwa yana ta laluben giya ta biyar alhali huɗu ce kaɗai a jikin babur ɗin.

Bakaniken da ke zaune kusa da mu ya ajiye kofinsa, ya tayar da injin, ya kasa kunne, ya murɗa totur sau biyu ya saki. Ya ce, "Malam, babur ɗinka lafiyarsa ƙalau. Kunnenka ne ya saba da gosulo."

Ya faɗi gaskiya, amma ƙanen nawa bai gamsu ba, ni ma da ni ne ba zan gamsu ba. Mutumin da ya zuba kuɗin adashinsa a babur yana son ya san lamba, ba a ce masa "ƙalau" kawai ba. Ga yadda za ka gano lambar naka babur da kanka, ko da babu agogon juyin inji a gabanka.

Kafin a taɓa sifana

Dole a fara da maganar doka, don kada a ce ban faɗa ba. Tun 2012, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, dokar zirga-zirga ta jihar Legas ta hana babura bin hanyoyi 475, kuma ƙananan da girman injinsu bai kai cc 200 ba su ne abin ya fi shafa a manyan tituna da gadoji. A Fabrairun 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta sake ɗaure igiyar. Daga 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan a watan Satumba aka ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Titin Legas zuwa Ibadan, titin Ikorodu, na Apapa zuwa Oshodi, na Badagry, na Lekki zuwa Epe, da gadar Third Mainland, duk ba wurin ƙaramin babur ba ne. Baburan da aka kama kuwa, kowa ya ga hotunan yadda ake murƙushe su.

Bayan haka, ƙa'idar tuƙi ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ajiye wa babur kilomita 50 a awa. Lambobin da za ka gani nan gaba sun haura haka, domin bayanin inji ake yi, ba lasisin gudu nake raba wa ba. Bayanin na masu bin hanyoyin wajen gari ne inda aka yarda babur ya bi, da masu kai kaya ƙauyukan Ogun, da wanda ya sauke babur ɗinsa daga tirela a gida lokacin Sallah zai riƙa zirga-zirga tsakanin garuruwa.

Mataki na farko: ka daina auna babur da mota

Tushen tsoron ke nan. Wanda ya taɓa zama gaban mota ya ga allurar juyi tana kan 2,500 ko 3,000 mota na sheƙa gudu 100, in aka ce masa babur yana juyi 6,000 a gudun 65, sai gabansa ya faɗi. Amma ba juyin ne kaɗai ke cin inji ba, nisan da fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ke yi a kowane juyi shi ma yana cikin lissafi. Fistin ƙaramin babur hawa da saukarsa yawanci wajen milimita 50 zuwa 58 ne. Na motar gida yakan kai 85 ko 90. In ka buga lissafi, fistin da ke tafiyar milimita 50 a juyi 6,000 yana gudun mita 10 ne a daƙiƙa. Na mota mai milimita 90 a juyi 3,000 yana yin mita 9. Kusan kunnen doki. Ƙaramin yaro mai gajeriyar ƙafa dole ya ninka taku kafin ya jera da babba, kuma ba ciwo ba ne, halittarsa ce.

Haka aka ƙera waɗannan injuna. Yawancin masu cc 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer, TVS HLX, Honda Ace da 'yan Sin irin su Haojue, suna kai ƙololuwar ƙarfinsu ne tsakanin juyi 7,000 da 8,500 a minti. Ƙarfin ja, wanda ke ɗaga kaya ya hau tudu, yana cika ne ƙasa da haka, wajen 4,500 zuwa 6,500. In babur na tsaye yana sulo, wajen 1,400 yake yi. Inda akwai agogo, jan layi, wato iyakar juyin da ba a so a wuce, yakan fara ne daga wajen 8,500 ko 9,000 zuwa sama.

In littafin babur ɗinka yana nan, ba a naɗe ƙosai da shi ba, buɗe shafin bayanan inji. Za ka ga lambobi biyu da haruffan RPM a gabansu, wato juyi a minti: ɗaya ta ƙololuwar ƙarfi, ɗaya ta ƙarfin ja. Rubuta su. Tsakanin waɗannan biyun mazaunin injinka yake a doguwar tafiya, kuma ya fi kusa da ta ƙasan.

Mataki na biyu: auna naka

Nan ne aikin yake, kuma ya fi yadda ake zato sauƙi. Boxer da yawancin 'yan uwansa ba su zuwa da agogon juyi, don haka hanya biyu ce.

Ta farko ita ce ka sayi ƙaramin agogon nan mai batir a cikinsa, wanda ake naɗa wayarsa sau huɗu ko biyar a jikin wayar fulogi. Masu kayan babur da masu kayan janareto sukan ajiye shi. Abin lura ɗaya ne: yana da saiti, domin wasu injuna suna ba da wuta sau ɗaya a kowane juyi, wasu sau ɗaya a juyi biyu. Yawancin ƙananan babura a kowane juyi suke bayarwa. Gwada shi a sulo bayan inji ya yi ɗumi. In ya nuna wajen 1,400, saitin ya yi. In ka ga 2,800 ko 700, ba injin ne ya haukace ba, saitin za ka canja.

Ta biyu ba ta cin ko sisi, sai alli, da tef ɗin tela, da yaro ɗaya mai taimako. Ni ita na fi so, domin wanda ya yi ta sau ɗaya ya fahimci babur ɗinsa har abada.

Fara da taya. Sa mata iska daidai, ka hau ka zauna, a shata alli a gefen tayar baya daidai inda ta taɓa ƙasa, a shata a ƙasan ma. Tura babur a miƙe har shatar ta zagayo ta sake taɓa ƙasa, a sake shatawa. Auna tsakanin shata biyun. Taya mai inci 17 irin ta yawancin baburanmu za ta ba ka wajen mita 1.8, mai kauri ko mai inci 18 ta kusa 1.9.

Sai inji. A bar shi ya huce sarai, a kashe makulli, a ɗora babur a kan dogon sitan tayar baya ta tashi daga ƙasa. Cire fulogi. Sa giya ta ƙarshe. In ta ƙi shiga, ɗan juya tayar kana taka giyar. Yanzu toshe ramin fulogi da babban yatsa, yaron ya riƙa juya tayar baya gaba a hankali. Za ka ji iska na turo yatsanka, fus, fus, fus. A inji mai zagaye huɗu, wato wanda ba a haɗa masa baƙin mai da fetur, kowace turowa ɗaya juyi biyu ne na inji. Don haka yaron ya juya taya sau 10 cif yana kallon shatar alli, kai kana ƙirga turowa. Abin da ka samu raba shi gida biyar. In ka ƙirga 50, amsarka 10 ce: inji na juyawa sau 10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Mai tsohon Jincheng mai hayaƙi kuwa kowace turowa juyi ɗaya ce, sai ya raba gida goma.

Masu cc 100 da 110 masu giya huɗu yawanci wajen 10 suke faɗawa. Masu 125 da 150 masu giya biyar sukan sauko 8 zuwa 9.

Mataki na uku: lissafin

Gudun 60 ya fi daɗin lissafi, domin kilomita 60 a awa daidai yake da mita 1,000 a minti. Raba 1,000 da kewayen tayarka, ka ninka da lambar da yatsanka ya ba ka. Da taya mai mita 1.8 da lamba 10: taya na juyawa sau 555 a minti, inji kuma 5,550. Daga nan komai ya fito, tunda kowane ƙarin kilomita 10 ƙarin juyi wajen 925 ne. A 50 kana wajen 4,600. A 70 kana 6,500. A 80 ka kai 7,400, wato kana bakin ƙololuwar ƙarfin injin. A 90 kuwa 8,300, babu sauran abin da ya rage masa sai addu'a.

Mai 150 da taya mita 1.9 da lamba 8.5 zai ga wajen 4,500 a gudun 60, kusan 6,000 a gudun 80. Shi ya sa yake wuce ka cikin natsuwa kai kana jin naka na kururuwa, ba don ya fi ka iya tuƙi ba.

Wani abu kuma: agogon gudun babur yakan yi ƙari. Yana iya nuna maka 70 alhali ba ka kai ba. Saka manhajar auna gudu a waya, ka ɗaure wayar a kan hannun babur ko fasinja ya riƙe, ka gwada a fili sau ɗaya ka san yawan ƙaryar da agogonka ke yi. Kada ka riƙe waya da hannu kana tuƙi don wannan gwaji.

Mataki na huɗu: zaɓi mazauni

Ga abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni. A doguwar tafiya, ƙaramin inji mai lafiya yana iya wuni tsakanin juyi 5,000 da 6,000 bai ce uffan ba. Har 6,500 babu laifi in mai yana da kyau kuma kaya ba su yi nauyi ba. Daga 7,000 zuwa sama wurin wucewa ne, ba wurin zama ba: ka hau don ka wuce wata mota ko ka gama tudu, ka sauko. Ga mai cc 100, juyi 5,000 zuwa 6,000 na nufin gudun 55 zuwa 65. Ga mai 150, 70 zuwa 80.

Amma hannunka na dama ya fi kowane agogo faɗin gaskiya. A gudun da ka zauna, murɗa totur kaɗan. In babur ya amsa ya zabura, akwai saura, kana wuri mai kyau. In ka murɗa sai ƙara ta ƙaru gudu bai ƙaru ba, ko ka tarar ma totur ɗin ya riga ya kai bango, to ka cinye injin. Ka bar kashi ɗaya cikin uku na totur a ajiye. Wannan ajiyar ba don inji kaɗai ba ce. Ranar da tifa ta matso ka gefen kwalta, ita za ta fitar da kai.

Dalilin da ya sa ƙarin gudu kaɗan ke gajiyar da inji haka shi ne iska. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsalle yake yi. Daga 60 zuwa 80 gudu ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku ne kawai, amma ƙarfin keta iskar ya ninka fiye da sau biyu. Ƙara da babbar riga da ke cika da iska kamar tanti, da buhun da aka gicciya a baya ya fito ta kowane gefe, sai ka ga inda fetur ɗinka ke tafiya. A kan tafiyar kilomita 40, bambancin mai gudun 60 da mai gudun 80 minti 10 ne. Kowa ya auna ko minti goman sun kai kuɗin ringi da fistin.

Kada kuma ka kafe hannu wuri guda na tsawon awa. Lokaci-lokaci sassauta totur na 'yan daƙiƙu ka sake ɗauka. In babur sabo ne ko an yi masa sabon bulo, wannan ya zama dole: kilomita 1,000 na farko a bi shi a hankali, ana canja gudu, ba a kai totur ƙarshe, kuma a zubar da man farko da wuri kamar yadda littafinsa ya ce.

Kuskuren da ya fi ihun illa

Tsoron ƙara yakan jefa mutane cikin abin da ya fi ta muni. Za ka ga mutum da fasinja biyu da buhun albasa daga Mile 12, yana hawa tudu a giya ta huɗu da gudun 25, totur a buɗe, injin na "ƙwal-ƙwal-ƙwal", sarƙa na fizga. A ransa tausaya wa injin yake yi, wai yana kuma tsimin mai. Alhali a nan ne ake dukan fistin da sandarsa da boris da guduma. Juyi ya yi ƙasa, famfon mai na tura mai kaɗan, nauyi kuma ya yi yawa. In ka ji wannan ƙwanƙwasar, ko ka murɗa a giya ta ƙarshe babur ya yi maka nauyi, sauko giya ɗaya. Inji mai waƙa a 6,000 da sauƙin kaya ya fi mai nishi a 2,500 kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Mataki na biyar: maganar sifoket

Duk wanda ya yi ƙorafin ihun inji, sai an samu mai ce masa ya canja sifoket, wato faifai mai haƙora da sarƙa ke bi a kai. Shawarar ba ƙarya ba ce, amma ciniki ne, ba kyauta ba. In ƙaramin na gaba mai haƙora 14 ne ka mayar da shi 15, juyin inji zai ragu da wajen kashi 7 cikin 100 a kowane gudu: 6,000 ya koma 5,600. Rage haƙora uku daga babban na baya, misali daga 42 zuwa 39, kusan sakamako ɗaya yake bayarwa. Inji zai yi sanyin murya, kaɗawa ta ragu, mai ma ya ɗan ragu in hanya shimfiɗaɗɗiya ce kuma kai kaɗai ne.

Abin da ka bayar a madadi shi ne ƙarfin tashi. Mai ɗaukar mutum biyu, mai tsayawa kowane mita ɗari, mai bin lungunan da ruwan sama ya farfasa, zai tarar yana cin kuloci wajen tashi, kuma giya ta ƙarshe ta zama ado, domin da iska ta taso gaba sai babur ya kasa ja. Har ma akan samu wanda gudunsa na ƙarshe ya ragu bayan canjin. A ganina, mai cc 100 da ke acaɓa ya bar sifoket ɗinsa yadda kamfani ya sa. Mai 150 da yawancin tafiyarsa doguwa ce shi kaɗai, ƙarin haƙori ɗaya a gaba ya ishe shi, kada ya haɗa da rage na baya a lokaci guda. In za a canja, a duba sarƙar. Tsohuwar sarƙa da ta miƙe tana cinye sabon sifoket cikin 'yan makonni. A bar mata wasa kamar faɗin yatsu biyu, santimita 2 zuwa 3, a tsakiyarta.

Mataki na shida: abin da ke kashe inji da gaske

Zafi ne. Waɗannan injuna ba su da lagireto, iska da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya su, man kuma bai wuce lita ɗaya ba. Abin mamaki, gudun 60 a fili ya fi yi wa injin daɗi a kan rabin awa a cunkoso tsakanin danfo da danfo a zafin watan Maris, inda babu iskar da ke kaɗa shi. Amma in juyi ya yi sama na dogon lokaci, man nan ɗan kaɗan shi ke ɗaukar duk wahalar.

Don haka kafin doguwar tafiya, tsayar da babur a miƙe a wuri mai daidai ka duba gejin mai. Inji mai gudu yana shan mai kaɗan-kaɗan ko da lafiyarsa lau, kuma a cikin lita ɗaya rashin kofi guda ba ƙaramin rashi ba ne. Yi amfani da kaurin da littafi ya ce, wanda ga yawancinsu 20W-50 ne, kuma ka nemi wanda aka yi don babur, mai alamar JASO MA a jikin robar, domin kulocin babur a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota kuwa suna sa shi santsi. Man awo da ake tsiyayowa daga jarka a bakin titi, wanda ba ka san asalinsa ba, ka bar shi. Araha ba ta ado.

Sai kafireto, kuma a nan zan ɗan tsaya. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, kusan kowa ya je wurin bakanike ya ce a "rage masa shan mai". Wasu sukan sauke allurar kafireto, wasu su sa ƙaramin jet, wato ɗan bututun da fetur ke bi a cikinta. A cikin gari, inda ba ka wuce rabin totur, ba za ka ga illar ba, har ka yi ta sa wa bakaniken albarka. Amma fetur ba ƙonewa kawai yake yi ba, yana sanyaya kan fistin. Ranar da ka miƙi hanya da buɗaɗɗen totur da wannan saitin, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, zafin cikin silinda sai ya haura, bawul ya ƙone ko fistin ya cije. Garin neman gira an rasa ido. In ka san an taɓa maka kafireto kuma za ka yi nisa, a mayar da shi yadda yake.

Fulogi zai gaya maka gaskiyar lamarin. Bayan ka yi tafiyar kilomita 10 ko fiye a gudun da ka saba, tsaya a wuri mai aminci, kashe inji nan take ba tare da barinsa yana sulo ba, jira ya huce, ka cire. Bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, komai daidai. Ya yi fari fat kamar toka, mai ya yi kaɗan, akwai haɗari. Ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa ko soson iska ya toshe. Ya jiƙe da baƙin mai, ringi ya fara tafiya.

Ragowar ƙanana ne amma suna ƙara wa inji kaya: tayar da ba iska, birkin da ke kamawa, sarƙar da ta bushe bayan an keta ruwan damina, laka da ta toshe tsakanin haƙarƙarin silinda. Wanke lakar nan, don ta nan injin ke shan iska. A kuma duba tafet, wato abin da ke daidaita buɗewar bawul, lokacin sabis. Wanda aka matse ƙwarai don a kashe ƙararsa shi ne ke ƙona bawul a doguwar hanya. Ɗan "cik-cik" a tafet ya fi shirun da ba na lafiya ba. In tafiyar ta haura awa ɗaya, tsaya minti goma a inuwa, ka sha ruwa, shi ma ya huta.

In kukan ya canja

Ihu mai santsi da ke hawa tare da gudu ba ciwo ba ne. Wanda za ka ji tsoro shi ne wanda ya bambanta da na jiya. In juyi ya tashi gudu bai bi shi ba, musamman a giya ta ƙarshe ko a tudu, kuloci ne ke zamewa. Fara da duba ko an bar wa hannun kulocin ɗan wasa kafin a ce faranti sun cinye. Lissafin allin nan yana da amfani a nan: in da can 60 na ba ka 5,500 a agogo yanzu kuma tana ba ka 6,500 ba ka canja sifoket ko taya ba, ba sai an buɗe inji ba ka san inda matsalar take. In ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da ka buɗe totur, sassauta ka sauko giya. Ko zafi ne, ko gurɓataccen fetur. Kaɗawar da ta zo rana ɗaya kuwa, sau da yawa kusoshin da ke riƙe da inji ne suka kwance.

Mafi muni shi ne ka ji babur ya yi nauyi farat ɗaya kamar an ja shi ta baya, ƙarfi ya zube, wani wari na ƙuna ya taso. Fistin ne ke shirin cijewa. Damƙe kuloci nan take kafin tayar baya ta kulle, saki totur, ka gangara gefe. Kada ka watsa wa injin ruwa, ko da na leda ne. Ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi tsagewa suke haifarwa. Ba shi rabin awa, duba mai, in ya tashi ka lallaɓa a hankali zuwa gareji mafi kusa, ba gida ba.

Ƙanen nan nawa mun yi masa gwajin a ranar, a gaban rumfar, ɗan mai shayin na juya taya yana ƙirgawa da ƙarfi. Turowa 49 muka samu, tayarsa kuma ta ba da mita 1.82. Gudun 65 ɗin da ke firgita shi bai ma cika juyi 6,000 ba. Da aka cire fulogin ne bakaniken ya ɗaga shi sama ya ce, "Wa ya taɓa maka kafireto?" Fari ne tas. Ƙanen nawa ya sunkuyar da kai ya ce wani ne a Sango, ya ce masa lita ɗaya za ta riƙa kai shi yini. Aka mayar da allurar mazauninta, aka bar sifoket ɗin a 14, ya biya kuɗin shayin mu uku.